"Yana Tashi?" Tambayar da Ke Karya Gwiwar Masu Ƙira a Jigawa

Akwai wata tambaya da kusan duk yaron da ya taɓa haɗa ɗan jirgin sama da kwali ko gwangwani a ƙasar Hausa ya sha ta, tun daga bakin yayansa har zuwa bakin shugaban ƙaramar hukumarsu: "To, yana tashi?" Idan ya ce a'a, sai a yi masa murmushin tausayi, a ce Allah ya ƙara basira, a wuce. Idan kuwa ya ce yana kan ƙoƙari, sai a ɗauke shi a bidiyo, a watsa a Facebook da TikTok cewa wani matashi ya ƙera jirgin sama, a kai shi gaban wani mai muƙami ya miƙa masa ambulan, a yi hoto, a yi alƙawarin tura shi karatu waje. Bayan mako biyu kowa ya manta da shi. Waɗannan amsoshi biyu, ko da yake ɗaya raini ce ɗaya kuma yabo, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: dukansu sun ɗauka cewa ƙaramin samfurin jirgi ba shi da wata daraja sai idan ya kama hanyar zama jirgi na gaske. Wannan fahimta kuskure ce, kuma kuskuren yana cinye hannayen yara masu yawa a Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, ba tare da an ko lura da asarar ba.

Ƙera samfuri sana'a ce mai cin gashin kanta. Tana da ƙa'idojinta da gwanayenta da kasuwarta, kuma abin da ake auna ta da shi shi ne daidaito: shin abin da aka ƙera ya dace da abin da aka kwaikwaya a tsawo da faɗi da launi, har ido ya kasa rarrabewa? Tashi ba ya cikin sharuɗɗanta, kamar yadda ba a tambayar mai zana taswira ko ana iya shuka gero a kan takardarsa. Hujja mafi ƙarfi kan haka tana wurin da ba a zata ba, wato a fina-finan ƙagaggun labaran kimiyya na Amurka da Ingila, waɗanda kumbunansu suka cika idon duniya alhali ko ɗaya daga cikinsu bai taɓa ɗagawa daga ƙasa da ƙarfin kansa ba.

Kumbon da bai kai sandar makiyayi ba

A ranar 25 ga Mayu, 1977, aka fara nuna fim ɗin Star Wars a gidajen sinima na Amurka. Da buɗe fim ɗin, wani ɗan kumbo ya gifta a guje, sai ga wani ƙato mai siffar tsinin mashi ya biyo shi ta saman kan 'yan kallo, yana ta shigowa kamar ba zai ƙare ba. A cikin labarin, tsawon wannan ƙaton ya haura kilomita ɗaya da rabi. A zahiri kuwa, abin da kyamara ta ɗauka bai wuce ƙafa uku ba, kimanin santimita 90. Sandar makiyayi ta fi shi tsawo. Waɗanda suka ƙera shi matasa ne da George Lucas ya sa aka tara a 1975 a wani ɗakin ajiyar kaya da ke Van Nuys a birnin Los Angeles, aka raɗa wa kamfanin suna Industrial Light & Magic.

Dabarar da suka yi amfani da ita, ƙarƙashin jagorancin John Dykstra, ita ce juya lamarin baibai. Kumbon a kafe yake bisa sanda a gaban wani shuɗin bango. Kyamara ce ke tafiya a kan dogo, sannu a hankali, wata na'ura tana sarrafa ta, tana kuma iya maimaita tafiyar sau da yawa ba tare da ta kauce ko da faɗin ƙwayar gero ba. Daga baya a cire shuɗin a maye gurbinsa da taurari. Idan kyamara ta matso, ido sai ya ga kumbo ne ke tahowa. Da wani ya tsaya a ƙofar ɗakin nan ya tambayi samarin ko kumbonsu yana tashi, da amsar ita ce ko motsi ba ya yi. A 1978 aikin nasu ya ci lambar Oscar.

Abin da ya sa ido ya yarda cewa abin ƙato ne shi ne ɗimbin ƙananan tarkace da aka manna a jikinsa. Idon ɗan Adam yana ƙiyasta girman abu ne da yawan ƙananan abubuwan da ke jikinsa: bango mai santsi ba ya faɗa maka tsawonsa, amma da zarar an huda masa tagogi ɗari ka san bene ne. Don samun waɗannan tarkace, maƙeran sun riƙa sayen kwalayen kayan wasa na roba da ake haɗawa, na tankokin yaƙi da motocin tsere da jiragen ruwa, irin waɗanda kamfanoni kamar Tamiya da Airfix ke yi, su ɓalle ƙafar tanka nan, su yanko murfin injin mota can, su liƙa a jikin kumbo. Sannan su bi shi da fenti su tsofar da shi: tabon ƙuna, zirin tsatsa, dattin mai. A can Ingila kuma, inda aka gina manyan ɗakunan ɗaukar fim ɗin, Roger Christian ya riƙa sayen ɓaraguzan tsofaffin jiragen sama yana ƙawata cikin kumbon Millennium Falcon da su. A yaren Kano da Dutse, sunan wannan hanya jari bola. Shi ma ya ci Oscar.

Waɗannan abubuwa da ba sa tashi, yau a gidajen tarihi ake ajiye su. Samfurin kumbon Enterprise na shirin talabijin ɗin Star Trek, mai tsawon ƙafa 11, wanda aka yi da katako da roba da ƙarfe a 1964, yana gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya na Smithsonian a Washington tun 1974. Gefensa na dama kaɗai aka gama yi wa ado, domin ta hagu wayoyin lantarki suka bi, kuma kyamara ba ta kallon can. A watan Oktoba na 2023 aka yi gwanjon wani ɗan samfurin jirgin yaƙi na X-wing, wanda bai kai ƙafa biyu ba, daga cikin kayan da maƙerin samfura Greg Jein ya bari bayan rasuwarsa, aka saye shi a kan sama da dala miliyan uku.

Aikin mai kwaikwayon kumbo

Daga wannan tarihi ne wata sana'a ta biyu ta tsiro: ta mutanen da ke sake ƙera waɗannan kumbuna daga tushe, ba tare da zanen asali a hannunsu ba. Wani lokaci ma dole ce ke sa hakan. Bayan Stanley Kubrick ya kammala fim ɗinsa 2001: A Space Odyssey a 1968, an lalata galibin samfuran da aka yi amfani da su, har da babban kumbon Discovery mai tsawon ƙafa 54. Da aka zo yin ci gaban labarin, wanda ya fito a 1984, sai da maƙera suka koma suna faɗaɗa hotunan tsohon fim ɗin ɗaya bayan ɗaya, suna aunawa, kafin su iya tayar da kumbon daga kabarinsa.

Yana da kyau mai karatu ya ga yadda aikin yake, domin a nan ne za a gane cewa ba wasan yara ake magana ba. Mai kwaikwayo yakan fara da tara duk hoton da zai iya samu na samfurin asali. Sai ya tsura wa hoton ido har ya gane wani ɗan yanki da ya san asalinsa, a ce ƙafar wata tanka ta roba da ya san faɗinta santimita 2 ne. Idan a hoton ta fito milimita 4, ya san duk abin da ke kusa da ita, a nisa ɗaya da kyamara, sai an ninka shi sau biyar. Abin da ya fi nisa da kyamara kuma ya san ya ƙanƙance, dole ya gyara lissafinsa da wani hoton da aka ɗauka ta wata kusurwa. Da haka zai fitar da zane na sama da na gefe da na gaba. Bayan zane sai ƙashin ciki, na katako ko ƙarfe, wanda zai hana jikin lanƙwashewa. Sai fatar waje, ta fallayen roba da ake yanka da reza bisa rula, a goge da samfefa. Sai ƙananan tarkace, waɗanda kan kai ɗaruruwa ko dubbai, kowanne a gurbinsa. Idan yanki ɗaya ya maimaitu sau arba'in, ba zai sassaƙa arba'in ba; zai yi ɗaya mai kyau, ya yi masa mazubi, ya zuba sauran. Sai wayoyin fitila, sai fenti hawa-hawa. Aikin kan ci shekara ɗaya ko fiye.

A cikin wannan jeri akwai lissafin kaso, da ilimin kusurwa, da zanen injiniya, da kafinta, da zubi, da lantarki, da haɗa launi. Ba a cika samun darasi guda a makarantar sakandare da ya tara su haka ba.

Hannun yana nan, ma'aunin ne babu

Duk wanda ya tashi a karkarar Jigawa ya san cewa da an gama girbi, an tara karan dawa, kasuwar motar kara ta buɗe. Yaro zai fere ɓawon kara ya yi ƙusoshi da shi, ya yanka totuwar ciki ya yi jiki, ya yanko tsohon silifa ya yi tayoyi. Wanda ya fi wayo ya koma gwangwanin madara da langa-langa da wayar ƙarfe, ya fitar da tirela har da madubin gefe da rubutun bayan mota. Tun da aka buɗe filin jirgin sama na Dutse a 2014, maniyyata suka riƙa tashi daga gida, yaran Fagoji da Limawa da Takur sun samu abin kallo a sama da iyayensu ba su samu ba, kuma jirgin kwali ya shiga sahun motar kara. Yaron da ya kalli marfin kwalba ya ga taya, ya kalli bututun biro ya ga salansa, yana yin daidai abin da samarin Van Nuys suka yi da ƙafar tanka. Wannan ido baiwa ce, kuma ba a sayar da ita a kasuwar Shuwarin.

Abin da ya rage masa abu ɗaya ne, kuma shi ne wanda babu mai ba shi: ma'auni. Jirgin Boeing 747-400, irin wanda ya daɗe yana jigilar alhazan Najeriya, tsawonsa kimanin mita 70 ne da ɗoriya, faɗin fukafukansa kuma kimanin mita 64. Wanda zai yi samfurinsa a kan kashi ɗaya cikin ɗari, dole jikin ya zama santimita 70 da ɗoriya, fukafukan santimita 64, injuna huɗu kowanne a mazauninsa. Galibin jiragen kwalin da ake yaɗawa a waya da ido aka yi su: fiffike ya gajarce, wutsiya ta yi ƙato, tagogi goma a inda ya kamata a ga tamanin. Wannan ba laifin yaron ba ne. Ba a taɓa sa masa rula a hannu an ce ya auna ba, domin duk manyan da suka kewaye shi hankalinsu yana kan tashi.

Tambayar tashi kuwa tana yin ɓarna ta zahiri. Samfurin da ake so ya tashi da samfurin da ake so ya yi kama sana'o'i biyu ne masu hannun riga. Na farko yana zubar da ado don ya yi sauƙi, ana yin sa da soso da siririn katako, kuma siffarsa tana bin dokar iska. Na biyu yana ɗaukar nauyi don ya cika kama. Yaron da aka matsa wa ya haɗa biyun zai ɗaura injin janareto a jikin langa-langa, ya ƙare da abin da bai tashi ba, bai kuma yi kama da komai ba, ga haɗarin farfela mai juyawa a tsakiyar taron yara. An ɗauke shi daga hanyar da zai iya zama gwani, an ɗora shi a kan wadda ƙarshenta dariya ce.

A watan Oktoba na 2007 kamfanin dillancin labarai na Faransa, AFP, ya ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin ilimin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano mai shekara 24, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota ƙirar Honda Civic da tarkacen ƙarafa. Rahoton ya ce jirgin ya ɗaga sau kaɗan, bai taɓa wuce ƙafa bakwai ba, kuma hukumomi ba su nuna sha'awa ba. Ƙoƙarinsa abin jinjina ne. Amma darasin da aka ɗauka daga labarinsa shi ne mafi muni da za a iya ɗauka: cewa hanyar shahara ita ce a yi abu babba da zai ɗaga ko da taku ɗaya ne. Tun daga lokacin, labarin yana ta maimaita kansa da sababbin fuskoki, kuma ƙarshensa bai cika sauyawa ba.

A kwatanta da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce makarantar zane ta College for Creative Studies a Detroit, ya shiga kamfanin General Motors, ya zana siffar motar gwaji ta Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, daga baya a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara ƙirar motoci ta Najeriya. A sana'arsa, kafin a ƙera mota sai an sassaƙa ta da wani irin yumɓu, ƙarama da farko, sannan mai cikakken girma. Motar yumɓu ba ta da inji, ba ta zuwa ko'ina, amma a kanta shugabannin kamfani ke yanke shawarar zuba miliyoyin daloli. Hatta 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, masu gyaran keke a Dayton, ba su tashi a ranar 17 ga Disamba, 1903, ba sai bayan da suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200 a cikin wani akwatin iska da suka haɗa a 1901, suna rubuta sakamakon kowanne. Ashe ko mai son tashi, ta ƙofar ƙaramin samfuri da ma'auni zai bi.

Uzurorin da ake kawowa

Za a ce addini. Malamai sun yi dogon bayani kan sura, kuma inda aka tsananta shi ne surar abu mai rai. A cikin Bukhari da Muslim an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma kan itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Kumbo da jirgi da ganuwa da gada duk suna cikin wannan sahu. Mai fakewa da addini don ya hana yaro ƙera jirgin kwali, ya nemi wata mafakar.

Za a ce kwaikwayo ne, kuma kwaikwayon tatsuniyar Amurkawa. Gaskiya ne, kuma ba abin kunya ba ne. Gwanin da ke rubuta Alƙur'ani da ka ya fara ne da bin sawun rubutun malaminsa a allo. Mai ɗinkin babbar riga ya shekara yana kwafar aska biyu kafin a bar shi ya taɓa aska takwas. Amfanin kwafar abu sananne shi ne akwai alƙali: hoton asali yana nan, kowa na iya ɗora aikinka a gefensa ya nuna maka inda ka kauce. Wanda ya ƙago nasa kumbon tun ranar farko ba mai iya ce masa ya yi kuskure, don haka ba mai iya koya masa komai. Idan hannu ya faɗa, sai a juya shi gida, kuma gida cike yake da abin ƙerawa.

Za a ce kwamfuta ta kashe sana'ar. Ta rage mata kasuwa, babu musu, amma ba ta binne ta ba. Fim ɗin Interstellar na 2014 da First Man na 2018 duk sun yi amfani da ƙananan samfuran kumbo, kuma kowannensu ya ci Oscar a fannin dabarun hoto. A 2019, kamfanin Industrial Light & Magic da kansa, wanda ya fi kowa ƙwarewa a zanen kwamfuta, ya koma ya ƙera ɗan samfurin kumbon Razor Crest don shirin The Mandalorian, saboda yadda haske ke sauka a kan abu na zahiri yana da wuyar ƙaryatawa. A wurin da wutar lantarki ke zuwa da ƙa'ida irin ta baƙo, kuma kwamfuta mai ƙarfi ta fi kuɗin fili, hujjar ta ƙara nauyi: reza da gam da hasken rana ba sa jiran a kawo wuta.

Uzuri mafi nauyi shi ne na ciki: wa zai saya? Amsa ta gaskiya ita ce kasuwar samfura a Jigawa a yau ƙarama ce, kuma duk wanda ya yi wa yaro alƙawarin dala miliyan uku ya yaudare shi. Sai dai abin da yaron zai fita da shi daga shekara biyu na wannan horo ya fi samfurin kansa daraja: zai iya karanta zane, zai iya auna milimita ya yanka a kan milimita, zai iya yin abu goma iri ɗaya ba tare da na goman ya bambanta da na farko ba. Duk wanda ya taɓa gina gida a Dutse, ya ga taga ta ƙi shiga gurbinta ko ƙofar ƙarfe ta zo a karkace, ya san nawa wannan ƙwarewa take. Masu zanen gine-gine da masu sayar da rukunin gidaje a Abuja da Kano ma suna biyan kuɗi a yi musu samfurin da za su nuna wa masu saye.

Inda Kannywood ta yi tuya ta manta da albasa

Tun daga Turmin Danya a 1990, masana'antar fim ta Hausa ta fi zama a falo da lambu, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne tsada. Tarihin wannan yanki cike yake da labaran da suka cancanci fim: faɗuwar Kano a hannun Turawa a watan Fabrairu na 1903, da yaƙin Haɗejia na Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya zaɓi shahada a kan miƙa wuya. Ba mai shirya fim da zai iya sake gina ganuwar Haɗejia da ƙofofinta. Amma ganuwa mai tsawon mita uku, ta laka ta gaske, da aka yi a kan kashi ɗaya cikin 25, aka ajiye kusa da kyamara yayin da mahaya ke can nesa a bayanta, za ta cika allo. Akwai ma ƙa'idar lissafi ga mai son ya nuna tana rushewa: ana ninka gudun ɗaukar hoto da tushen murabba'in ma'aunin. Tushen 25 shi ne 5, a ninka da hoto 24 na kowace daƙiƙa, ya ba da 120. Idan aka ɗauka a haka aka nuna a gudun da aka saba, ƙura da ɓaraguzai za su faɗo da nauyin babban gini. Wayoyin hannu da dama da ke aljihun samari a yau suna ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa.

A 2016 an shafe makonni ana cacar baki kan shirin gwamnatin tarayya na gina ƙauyen fim na naira biliyan uku a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, har aka janye shi. Ko mutum yana wane ɓangare a waccan muhawara, abin lura shi ne an yi ta ne kan gini. Haka aka yi a farkon shekarun 1980, lokacin da tsarin ilimi na 6-3-3-4 ya zo da darasin gabatar da fasaha, aka shigo da injuna daga ƙasashen waje, da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu malami. Kullum ana fara lissafi daga siminti da kwangila. Wannan sana'a kuwa teburi take buƙata, da rula ta ƙarfe, da wanda ya san yadda ake duba aiki.

Abin da ya kamata

'Yan jarida su fara gyara harshensu. Wanda ya haɗa samfuri a ce ya haɗa samfuri, a faɗi ma'auninsa da kayan da ya yi amfani da su da tsawon lokacin da ya ɗauka. Kanun da ke cewa ya ƙera jirgin sama ƙarya ce mai kama da alheri, kuma yaron ne ke biyan kuɗinta ranar da aka ce ya tayar a gani.

Masu muƙami su rage ambulan su ƙara oda. Fadar Garu a kan duwatsunta, da duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen da, da tsohuwar ganuwar Haɗejia, duk sun cancanci samfura masu ma'auni da za a ajiye a makarantu da zauren filin jirgi. A ba matasa aikin da sharuɗɗa a rubuce, a biya su idan sun cika, a mayar musu idan sun kauce. Kyauta tana mayar da mai fasaha abin tausayi, ciniki kuwa yana mayar da shi mai sana'a.

Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da kwalejin fasaha ta jiha da ke Dutse, da ta tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, suna da malaman zane da lissafi da ɗakunan aiki. Gasa ɗaya a shekara ta ishi a fara: a ba kowa hotuna iri ɗaya na abu ɗaya, kumbo ne ko tirela ko ƙofar gari, a ba da wata shida, alƙalai su zo da rula da kyamara. A buɗe ta ga ɗan makarantar boko da almajiri da yaron mai walda, mata da maza, domin hannun da ke zanen lalle da saƙar hula bai gaza na kowa ba wajen daidaito.

Iyaye da yayye kuma, waɗanda a bakinsu komai ke farawa, su sauya tambaya. Idan yaro ya kawo jirginsa na kwali, a tambaye shi wane jirgi ne wannan, kuma a kan wane ma'auni ya yi shi. Ranar farko ba zai iya amsawa ba, zai koma ya nemo. Ranar da ya dawo da takarda a hannu ya ce kashi ɗaya cikin ɗari ne, ga lissafin fiffike, ga na wutsiya, to ya riga ya shiga sahun masu sana'a, ko jirginsa ya tashi ko bai tashi ba. Idan kuma Allah ya ƙaddara wata rana wani ɗan Jigawa zai ƙera wanda ke tashi da gaske, daga cikin masu wannan takarda zai fito.